Ƙaramar Bindigar Babana

Babana maharbi ne, ni kuwa ban gaje shi ba. Gara in faɗi haka tun da wuri, kada wani ya ɗauka masanin daji ne ke magana. Noma na tashi da shi, ƙarar bindiga ba ta taɓa yi mini daɗi ba, naman zomo kuma ko an ba ni sai dai in ci don kunya. Ɗan abin da na sani game da bindiga a shekara guda na koye shi, shekarar da kafaɗar Baba ta gaza.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Gubuchi, a ƙasar Makarfi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, masu rediyo suna ta zancen sabuwar tuta da 'yan majalisa, mu kuwa zomo da dila ne suka hana mu sakat. Zomo ya aske ganyen wake da na dankali, dila ya shiga fadama ya tattauna rake ya zubar, ya biyo kaji har bakin danga. Duk wanda abin ya ishe shi, ƙofar gidanmu yake tsayawa ya yi sallama. Babu wanda ya naɗa wa Baba rawani, amma daga Gubuchi har Malikanchi in aka ce “maharbi” ba a ƙara komai ba, to shi ake nufi. Gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, bai yi karatu mai zurfi ba, bai tara dabbobi ba. Wannan sunan kaɗai ya mallaka, kuma yana tattalinsa fiye da lafiyar jikinsa.

Bindigarsa ta gado ce, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sandar ɗuri. In an tsayar da ita tana kai mini haɓa, ga nauyi kamar taɓarya. Don gwanki da gyado aka ƙera ta a zamanin kakana, lokacin da daji yake daji. A zamaninmu manyan namun sun ƙare, sai ƙanana, ita kuwa ba ta san ƙarami ba. In ta sami zomo sai ta watsa shi, kafin Baba ya isa da wuƙa babu sauran abin yankawa. Shi kuma ba ya cin abin da bai sa wa wuƙa da ransa ba, ko malamai sun ce ya halatta. Innata takan dubi abin da ya kawo ta ce, “Malam, yau ma gashi da ƙasa ka harbo mana?” Sai ya yi kamar bai ji ba.

A daminar shekarar nan sanyi ya kama masa kafaɗar dama. An yi tsaga, an shafa man shanu da citta, an sha saiwoyi iri-iri, abin ya lafa amma ƙarfin bai dawo ba. Wata safiya ina shema a gonar wake na hango shi ya ɗaga bindigar, bakinta yana rawa, yana sunkuyawa ƙasa a hankali. Ya sauke, ya sake ɗagawa. Daga baya ya ɗora ta a kan reshen wata kalgo, kafin ya daidaita zomon ya yi gaba abinsa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da aiki, don na san bai so a gani ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na rasa abin da nake yi da fartanyar.

Inna ce ta fara kawo maganar ƙaramar bindiga, kuma ta san ta inda za ta biyo. Ba ta ambaci kafaɗa ba. Cewa ta yi ta gaji da ganin nama yana zama mushe, a samo wadda za ta bar zomo da sauran numfashi har a yanka. Bayan kwana da kwanaki, Baba ya ce maganarta tana kan hanya.

Mutane suka yi ta ba da shawara, har waɗanda ba su taɓa riƙe ko gwafa ba. Wasu suka ce ya tafi kanti a Zariya ya sayi ta Turawa mai harsashi, tunda yanzu ƙasa tamu ce, ba za a hana shi lasin ba. Baba ya ƙi. Ya ce harsashin kanti wani ne can ya auna shi, wanda bai san zomon Gubuchi ba balle dilanta, kuma ranar da harsashi ya yanke a kasuwa bindiga ta zama sanda. Shi dai ta ɗuri yake so, wadda zai sa wa ƙwayar dalma ƙanana in zomo ne, ya sa boris ɗin keke in dila ne. Da aka gama yankan dawa, muka hau kekunanmu ni da shi, muka nufi Kudan wurin wani maƙeri da aka ce hannunsa yana da kyau.

Maƙerin bai kai Baba shekaru ba, zai yi sa'ar ƙanensa. Mutum ne siriri mai sanyin magana, ba ya kallon babba a ido. Ya tashi daga bakin zuga ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da amfanin gona, aka sake tambaya. Sai da muka sha ruwa sannan ya shiga ya fito da bututun ƙarfe guda biyu ya ajiye a kan buzu. Ɗaya mai kauri ne, daga sitiyarin wata babbar mota da ta mutu a hanyar Zariya, babban yatsa yana shiga bakinsa. Ɗayan siriri, na ƙaramar mota, ƙaramin yatsa ma da ƙyar.

Ya ce, “Baba, wannan mai faɗin bakin tana cin albarushi, tana ɗaukar boris manya. Dila ko daga nesa ne, in ta same shi ba ya tashi. Amma zomo za ta ɓata maka shi kamar yadda ta gida take yi.”

Baba ya ce, “Siririyar fa?”

“Ta zomo ce da zabo da fakara. Za ta kayar da dila, amma sai ka yi haƙuri ya matso har ka ga gashin bakinsa. In ya yi nisa, a bar shi ya tafi.”

Baba ya ɗauki mai kaurin ya kai kafaɗa, ya auna wata tsohuwar tukunya da ke kife a kan katanga. Bakin bututun ya soma rawa. Maƙerin ya juya yana gyara gawayi a wuta, kamar wani abu ya taso masa a can. Baba ya ajiye, ya ɗauki siririn. Wannan karon ƙarfen ya tsaya cik, ya daɗe a haka bai motsa ba, na ga fuskar Baba ta saki kamar ta wanda ya sauke kaya.

Ya ce, “Wannan za ka yi mini. Saboda zomo, ka gane. Mai ɗakina ta dame ni da maganar mushe.”

Maƙerin ya ce, “Gaskiyarta ne, Baba.”

Da muka koma karɓa, ya yi mata ƙota da icen maɗaci, ya goge ta tana sheƙi. A gabanmu ya ɗura ta, ya ɗaure ta a jikin wata bishiya a bayan gari, ya sa igiya a kunamar ya ja daga nesa, kamar yadda suke gwada kowace sabuwa. Ta tashi lafiya. Ya sake, ta sake tashi lafiya. Sannan ya ciro wani ɗan guntun ƙahon akuya da ya huda ya sa wa zare, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

“Ga awonta, Baba. Cikin ƙahon nan, a shafe bakinsa, kada ya yi tsororo. Ko dila ne, boris za a canja, albarushi ba a ƙara shi.”

A nan ne ran Baba ya ɗan sosu. Maharban wancan lokaci ba su san wani ƙaho ba. A tafin hannun hagu suke zuba albarushi, kowa ya san layin da nasa yake tsayawa, kuma da wannan ake gane gwani. Baba ya ce, “Tun kana goye nake auna albarushi da hannuna.”

Maƙerin ya ce, “Na sani, Baba. Hannun ya saba da babba ne, shi ya sa.”

Baba ya karɓa ya jefa a aljihu. Washegari aka kai bindigar Ikara aka buga mata lamba a ofishin En'e.

Watannin da suka biyo baya ban taɓa ganin Baba cikin walwala irin tasu ba. Yakan fita bayan asuba da bindigar a hannu ɗaya, ƙahon yana rataye a wuyansa cikin riga inda ba mai gani, ya dawo da hantsi da zomo a yanke, fatarsa ba ta ɓaci ba. Inna ta daina tsokanarsa, ta koma ƙorafin cewa ya cika mata gida da aikin fiɗa. Maƙwabta suka ci nama. Har tsofaffin waƙoƙin farauta na ji yana yi ƙasa-ƙasa yana goge bututu da tsumma. Na ɗauka mun tsallake, na yi ta gode wa Allah.

Sai lokacin yankan rake ya zo. A ƙauyenmu akwai wani mai hali da ke da babbar fadama da injin matse rake irin wanda doki ke juyawa, yana dafa mazarƙwaila ana kai masa kasuwar Makarfi. Mutum ne mai baki, wanda in bai sa jama'a dariya ba yake ganin ranar ta tafi a banza. Wani dila ya addabi rakensa, ya aiko a kira Baba.

Dilan tsoho ne, ya sha harbi, ya san tazarar bindiga. Da gari ya waye ya fito bakin raken ya tsaya can nesa, ya ƙi matsowa. Baba ya jira har rana ta soma fitowa, ga masu yankan rake sun taru a baya suna kallo. Da ya ga zai koma ciki, ya sakar masa wuta. Dilan ya yi tsalle, ya girgiza jiki, ya shige rake yana tafiyarsa ba ko ɗingishi.

Ina wurin da yamma, a gindin tukwanen mazarƙwaila, lokacin da mai raken ya ce, “Maharbi, ashe susa ka zo yi wa dilan nan? Ai da ka faɗa mini da tsinken sakace za ka zo, da na sa yara sun jefe shi da hoge.” Aka fashe da dariya. Na yunƙura zan yi magana, Baba ya dube ni sau ɗaya, na koma na zauna. Mutumin nan ya daɗe da rasuwa, na yafe masa saboda Allah, amma har yau in na tuna yadda yake buɗe baki yana dariyar nan sai raina ya ɓaci.

Washegari ina ɗaure jaki na ji ƙarar bindiga daga fadama. Ba irin ta kullum ba ce, wannan a dakushe take, kamar an fasa tulu a cikin ɗaki. Kafin in isa an kwantar da Baba a kan ganyen rake. Bututun ya tsage daga gindi, daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Aka ɗaure hannun da rawanin wani, muka ɗora shi a jaki zuwa bakin titi, muka sami motar kaya ta kai mu asibiti a Zariya. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi ba su dawo gida tare da mu ba. Albarushi kuma ya bar masa baƙaƙen ɗigo a kunci har ƙarshen ransa. Dilan ko gashinsa bai taɓu ba.

Kafin a sallamo mu, gari ya riga ya yanke hukunci. Maƙerin Kudan ne ya sayar wa maharbi ruɓaɓɓen ƙarfe. Mai raken ya fi kowa ɗaga murya a kan haka, kuma na san dalilinsa. Masu zuwa dubiya suka cika zaure, daga Malikanchi, daga Kurmin Kogi, kowa yana cewa mutum irin Baba ba ya kuskure, kayan aiki ne suka ci amanarsa. Maharban yankin suka ce ko ba zai ƙara harbi ba, shi zai riƙa shige musu gaba ranar farauta, shi zai raba nama. Sunansa ya ma fi da ƙarfi. Baba yana jingine da bango, hannun a naɗe cikin mayafi, yana amsa gaisuwa, ba ya cewa e ba ya cewa a'a.

Ni ma na yarda da zancen gari, har ranar da Inna ta kira ni ɗakinta ta buɗe tafin hannunta. Ƙahon ne da zarensa. Ta ce, “A jikin ƙusa na same shi ran da abin ya faru. Bai fita da shi ba.”

Na daɗe ina kallonsa. Awon tsohuwar bindiga ya zuba wa ƙaramar, da hannunsa, har layin da ya saba. Na ce, “Inna, wannan ya tsaya tsakanina da ke.” Ta ce ita ma haka ta gani. Ta jefa shi cikin tukunyar ƙasan jerenta, ta mayar da sauran a kai. A ganina mutumin da ya rasa yatsu uku ya biya abin da ake binsa, ba sai an ƙwace masa sunansa ba.

Bazara ta kusa sai wani mai kodar dutsen niƙa da ke zagaya kasuwanni ya kwana a zaurenmu, yana ba da labarin garuruwa. A cikin hira ya ce maƙerin nan na Kudan ya shiga uku. Ba mai kai masa bindiga, ko fartanya an daina ba shi, ga damina tana tafe. An ce ma za a kai ƙararsa gaban alƙali, shi kuma yana shirin kwashe iyalinsa ya bar garin. Ya faɗi haka ne don ya faranta wa Baba rai. Baba ya tambaye shi 'ya'yan maƙerin nawa, ya ce da dama, kuma duk ƙanana.

Ranar kasuwar Kudan Baba ya ce in fito da keke. Shi ba ya iya riƙe kan keke yanzu, sai dai in goya shi. Na ce, “Baba, me za mu yi a can?” Ya ce, “Kai dai fito da shi.” Na san abin da za mu yi, kuma raina bai so ba ko kaɗan. Duk tsawon hanyar ina taka feda da fushi, shi kuma yana riƙe da kariyar keken da hannun dama.

Mun sami maƙerar a share, wuta a mace. Maƙerin yana ganinmu ya zube ƙasa, ya kasa ko gama gaisuwa. Labari ya zaga kasuwa cewa maharbin Gubuchi ya zo, mutane suka taho a guje don su ga yadda za a kwashe. Baba ya bari sai da wurin ya cika. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙahon. Ashe ya san inda yake, ko kuma Inna ce ta kasa riƙewa, ban taɓa tambaya ba.

Ya ce a ɗebo masa yashi. Ya cika ƙahon, ya shafe bakinsa, ya juye a kan uwar maƙera. Sai ya warware mayafin, ya buɗe hannun a gaban jama'a, abin da ko a gida bai taɓa yi ba. Wasu suka kau da kai. Ya zuba yashi a tafin har layin da ya saba, yashin yana zurarewa ta inda yatsun suke a da, ya ƙara, ya juye kusa da na farkon. Ko makaho ya shafa zai san wannan ya ninka wancan har da ɗoriya.

Ya nuna ƙaramin ya ce, “Wannan ya ce in zuba.” Ya nuna babban. “Wannan na zuba. Ƙarfensa lafiya yake, a gabana ya gwada shi. Duk wanda ya ce ya cuce ni ya ɗauki alhakinsa, ni ma da na yi shiru na ɗauka. Ku kawo masa aikinku.”

Wani dattijo ya ce, “Mantuwa ce, maharbi. Hannu ne ya yi abin da ya saba, kowa yana yi.”

Baba ya ce, “Ko mantawa na yi, ko sani na yi na ƙi, duk ɗaya ne. Wanda ya yi ɗaya daga ciki bai kamata a ƙara kiransa bakin rake ba.”

Maƙerin yana durƙushe yana hawaye, yana cewa, “Baba, da ka bari. Wallahi da ka bari.” Baba ya ce masa ya tashi ya hura wutarsa, rana tana yi. Jama'a suka soma watsewa, ba hayaniya. Ina jin wani a bayana yana tambayar na kusa da shi ko ya san wani maharbi a wajen Ikara, dila ya dame shi a fadama. Da muka juya za mu tafi, dattijon nan ya ɗaga hannu ya ce, “Sauka lafiya, tsoho.” Baba ya amsa masa da amin.

Ni ɗan fari ne. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya taɓa shi a gaban mutane, kuma Baba ya riƙe wannan da gaske. Tun da na yi wayo ban san ɗumin jikinsa ba. A hanyar komawa, bayan mun wuce Makarfi, akwai wata gangara mai yashi da duwatsu. Kafaɗarsa ta dama ta gaji da riƙon kariya tun safe, na ji ya saki, ya laluba rigata da hannun hagu yana neman kamawa, babu yatsun da za su kama. Keken ya yi tangal-tangal. Sai na ji ya zagayo da hannuwansa biyu ya rungume ni ta ciki, ya kwantar da goshinsa a bayana. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ban san ya rame haka ba. Fushin da na taho da shi tun safe na neme shi na rasa, idona ya cika har ba na ganin hanya sosai.

Ya ce, “Tafi a hankali, ba sauri muke ba.”

Na ce, “To, Baba.”

Gangarar ta ƙare, hanya ta miƙe, amma bai sake ni ba har muka shiga gari.